Saloma Maginiya da Dokin Saje Abel

A hannun kakarta Saloma ta tashi, a wani ƙauye da ke kan dutse, tafiyar hantsi daga Zuru. Kakar, wadda ake kira Tani, maginiya ce, tana yin tukwane da randuna da tuluna. Amma abin da ya kai sunanta nesa shi ne surorin yumɓu da take ginawa a ɗora kan kabarin manyan maza. Idan gwanin kokawa ya mutu, ko maharbi, ko sarkin noma, sai dangi su hau dutsen su durƙusa gabanta. Ita kuwa tana zaune ƙafa a miƙe, lofe a baki, sai ta ce su faɗa mata abin da mamacin ya yi a duniya. In ta ji ƙarya ta yi yawa ba ta gardama, tsawon surar kawai take ragewa.

Saloma ce mai taka yumɓu da ƙafa, ita ce mai tara kara da ƙaiƙayi ranar gashi. Kafin ta isa aure hannunta ya faɗa, har tsohuwar kan ba ta hanci da kunne ta yi.

Sai ga Abel ya ce yana so. Ya shiga golmo kamar kowane saurayi, wato noman da ake yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba da mata. Sai dai Abel bai bambance dawa da ciyawa. Inda ya bi da fartanya, ciyawa ce ke tsayawa tana gode masa. Da damina ta biyu ta zagayo, baban Saloma ya tara 'yan'uwansa ya ce, "Ku ba yaron nan matarsa tun muna da abin da za mu ci." Aka ɗaura aure, Abel ya bi sahun samarin Zuru ya shiga soja.

Daga nan rayuwar bariki ta ɗauke su: Kaduna, Maiduguri, Ibadan, Fatakwal. Saloma ta haifi 'ya'ya huɗu, Rachel ce babba. Ta soya ƙosai, ta yi kitso, har matan bariki suka zaɓe ta magajiya, domin in faɗa ya kaure a bakin famfo, tsayuwarta kaɗai ke raba shi. Yumɓu kuwa babu inda za ta samu. In hannu ya dame ta da ƙaiƙayi, sai ta ɗauki ragowar tuwo ta gina wa yara giwa, su yi wasa da ita, su cinye.

A shekarar 2003 Abel ya yi ritaya da igiya uku, suka dawo Zuru suka zauna a gidan da suka gina a gindin dutse. Kowa na ce masa Saje. Gaskiyar magana, duk zamansa a soja a kicin ya yi shi. Ya je Laberiya kam, amma da ludayi ya je. Sai dai kullum da la'asar, a ƙarƙashin mangwaron da ke gaban shagon Madam Nkechi, aminiyar Saloma mai sayar da kayan masarufi, in ya zauna ba abokansa labari, tukunyar girkinsa takan koma tankar yaƙi, hayaƙin murhu ya koma na igwa. Saloma ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. In ta zo wucewa dai takan ce, "Baban Rachel, in ka gama yaƙin, zo ka ɗanɗana mini gishirin miya."

Shekara biyu da dawowarsu wani abokin aikinsa ya rasu. Aka shafe kabarin da siminti, wani ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunan mamacin tun simintin na ɗanye, ya kuma bar harafi guda a baya. Abel ya dawo gida ya zauna, aka kawo tuwo ya ture.

"Maman Rachel," ya ce, "ni ba za a rubuta ni da ƙusa ba."

"To da mi za a rubuta ka?"

"Ke ba jikar Tani ba ce? Gina ni za ki yi tun ina raye, in gani da idona. A kan doki."

Saloma ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Doki? Jakin babana ma sau ɗaya ka hau, ya kai ka cikin ƙaya ya dawo gida shi kaɗai."

"Wanda zai zo bayan shekara ɗari, ina ya san wanga zance?"

Ta so ta yi dariya ta share maganar, amma sai ta ji tafin hannunta na ƙaiƙayi. Rabonta da yumɓu tun tana budurwa. Ta ce ta yarda, da sharaɗi. Shi zai riƙa haƙo yumɓu a bakin rafi. Girki ya koma hannunsa, don hannun da ke cikin laka ba ya tuƙa tuwo. Kuma dole ya zauna tana kallonsa tana ginawa.

Aka kwantar da turmi a tsakar gida, shi ne doki. Abel ya ciro tsohon kakinsa daga akwati, maɓallan ciki suka ƙi haɗuwa, ya bar su a buɗe. Ya hau turmi, ya ɗaga muciya a matsayin takobi, ya haɗe rai kamar mai shirin cin gari. Kafin rana ta yi tsaka maƙwabta sun cika ƙofar gida. Madam Nkechi ta kulle shago ta zo, ta tsaya ta dafa ƙugu.

"Oga Saje, ina ka tafi haka? In ka kai Danko ka saya mini albasa."

Bai kula ta ba, don an hana shi motsi. Ya shanye ciki yana riƙe numfashi har idonsa ya yi ja.

"Saki numfashinka," in ji Saloma. "Na riga na san inda tumbin yake."

Da ya sauko ya duba aikin, sai ya ga tumbi ya riga kan doki isa gaba. "Wannan fa mene ne?"

"Naka ne."

"Rage shi."

"Kakata in an yi ƙarya tsawo take ragewa. Zaɓi ɗaya, ko tumbi ko tsawo."

Ya auna, ya zaɓi tsawo, aka bar tumbi yadda yake.

Matsalar ita ce dokin. Saloma ba ta taɓa tsayawa ta ƙare wa doki kallo ba, sai ta riƙa satar kallon bunsurun maƙwabta tana cike gurbi. Abin da ya fito yana da wuyan doki, kunnen jaki, ga ɗan gemu da ta ce kuskure ne amma ta ƙi cirewa. Ranar gashin farko, wuta na tsakiyar ci aka ji fas! Kan mahayin ya yi tsalle daga cikin kara, ya gangaro har gaban Abel ya tsaya yana kallonsa. Abel ya ja da baya yana cewa, "Ba da ni ba, ba da ni ba." Ranar bai fita hira ba. Na biyu ya gasu lafiya, aka kafa shi kusa da rijiya. Bunsurun nan kuwa ya ɗauka kishiya aka kawo masa unguwa, kullum da safe sai ya shigo ya ja baya ya kai karo. Saje mai igiya uku ya koma gadin kansa da sanda.

Ana cikin haka Saloma ta hau ƙauyensu neman jar ƙasar da ake shafe aiki da ita. Ta ce bari ta biya ta maƙabarta ta gaida Kaka, wadda ta rasu tun suna bariki. Ga surorin nan tsaitsaye cikin ciyawa, wasu sun karye, wasu suna nan daram, ta gane hannun tsohuwar a jikin kowanne. Har ta ga wani hanci da ita ta yi shi tana yarinya. Da ƙyar ta gano kabarin Kaka Tani. Tukunyar miya ce guda a kife a kansa, bakinta ma ya ɓantare.

Ta sami kawunta, ɗan autan Tani, yana sassaƙa ƙota a inuwa.

"Kawu, ashe abin da aka ɗora wa Kaka ke nan?"

"To mi za a ɗora mata? Mace ai tukunya ce tata. Haka muka tarar."

"Ita fa ta gina duk waɗancan."

"Shi ne ai. Da ta mutu, wa zai gina mata?"

Saloma ta koma ta zauna a gefen kabarin har inuwa ta juya. Ta tuna tsohuwar da ta ciyar da gida da tukwane shekarar da fara ta cinye hatsi, ta tuna yadda ƙarti ke rage murya a gabanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗebi jar ƙasarta ta gangaro.

Washegari ta miƙa wa Abel buhu ta ce yumɓu take so, mai yawa. Ya yi ta jigila har kafaɗarsa ta saɓule. Ta kewaye bayan ɗaki da zana, ta hana kowa leƙawa. Shi kuwa ya tabbata babban doki ake yi masa, ya je gindin mangwaro ya baza labari, wai wannan karon har da sirdi da likkafa. Kashi-kashi ta gina aikin, ta gasa, ta harhaɗa. Ranar da ta yaye zanar, Abel ya zo da abokansa uku, ya sa hular soja.

Tsohuwa ce zaune, girman mutum sosai, ƙafa a miƙe, lofe a baki, ido a ƙanƙance kamar mai sauraron ƙarya. Saje da dokinsa gaba ɗaya iyakarsu kafaɗarta.

Abel ya zagaya ta, ya dawo. "Maman Rachel, ta fi ni girma."

"Da ma ta fi ka," in ji Saloma.

Labari ya shiga zumuntar mata ta majami'arsu. Ran Talata bayan an tashi taro, mata suka biyo ta gida. Wata ta taɓa ƙafar Kaka ta ce ita ma tana son a yi mata uwarta. Saloma ta shimfiɗa tabarma ta ce sai an gaya mata abin da uwar ta yi. Matar, Beatrice, ta ce, "Ba ta yi komai ba, ita dai mace ce." Da aka matsa mata, sai ga shi uwar ce ta karɓi haihuwar rabin ƙauyensu, har da dagacin da ke kai yanzu. Wata ta ce goggonta ta kori kura da taɓarya, aka ce mijin ne, alhali shi yana kan rumbu. Wata ta ce waƙoƙin daka da ake yi a garinsu duk na kakarta ne, ba mai ambaton sunanta. Aka yi ta dariya, wasu na share ido da bakin zane. Madam Nkechi ta ce ita ba za ta jira mutuwa ba, a gina ta yanzu, da makullin shago a hannu, a kuma rage mata ƙiba, ta yarda a rage tsawon.

Kafin shekara ta zagayo, tsakar gidan Saloma ya cika da mata na yumɓu: mai taɓarya, mai jariri a hannu, mai baki a buɗe tana waƙa. Abel yana ratsa su da tukunyar tuwo yana cewa gafara.

Wasu dattawan ikilisiya suka kai ƙara wurin fasto, wai an tara gumaka a gidan Saje. Faston saurayi ne, sabon zuwa, mai ladabi, ga shi bai gani sosai, kuma a satin tabaransa na wurin gyara. Ya shigo da hantsi ya yi sallama, ya hangi tsohuwa zaune a inuwa, ya rusuna.

"Sannu da hutawa, Mama."

Shiru.

Ya ƙara murya. "Mama, ina kwana? Yaya jiki?"

Shiru. Ya gwada da ɗan Dakarcin da ya koya, yaren mutanen Zuru, nan ma shiru. Sai ya matsa kusa, cikin taushin murya ya fara yi mata nasiha kan illar taba ga mai shekaru irin nata. Abel yana bakin murhu, ya tura hannun riga a baki, hawaye na zuba. Saloma ce ta fito daga ɗaki ta ce, "Fasto, ba ta ji. Ta daɗe ba ta ji."

Da ya gane, ya nemi kujera ya zauna. Bayan ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Saloma ta saurara har ya gama.

"Fasto, wa ka ji ya durƙusa wa ɗaya daga cikinsu? Ban da kai yanzu."

Ya yi tari.

"Randa gunki ce?"

"A'a, Mama."

"Tulun da muke kaɗawa a majami'a ran Lahadi fa?"

"A'a."

Ta tashi ta kama kan Kaka Tani da hannu biyu ta ɗaga, ya fita kamar murfi. Ciki cike yake da dawa. "Ga rumbu," ta ce. Ta buɗe kan uwar Beatrice, ruwa ne mai sanyi. "Wanda ka sha yanzu daga nan aka ɗebo." Ai duk aikin yumɓu mai girma da rami ake yin sa, in ba haka ba wuta ta fasa shi. Fasto ya leƙa wannan ya leƙa wancan, ya ce shi dai bai ga laifin rumbu ba. Sai ya nuna mai doki. "Wancan fa, me ake zubawa a ciki?"

Abel ya yi tsalle ya tare. Bai yi nasara ba. Da yamma Saloma ta sa zarto ta yanke hular mai dokin a hankali ta mai da ita murfi. Tun daga ranar a cikin kan Saje ake ajiye daddawa.

A 2007 aka shirya baje kolin sana'o'in mata a Birnin Kebbi. Matan zumunta suka ɗauki hayar akori-kura, aka shimfiɗa ciyawa, aka jera matan yumɓu, aka naɗe Kaka da bargo. Abel ya ce shi ne mai tsaro, ya sa kaki. A filin taro kuwa rumfarsu ce ta fi tara jama'a. Da manyan baƙi suka iso, mai gabatarwa, wani dogo mai doguwar hula da lasifika a hannu, ya wuce Saloma da ke durƙushe tana goge ƙura, ya miƙa wa mai kaki hannu.

"Ranka ya daɗe, kai ne mai wannan aiki?"

Abel ya dubi lasifika, ya dubi masu hoto, ya gyara tsayuwa. "To, muna ɗan taɓawa."

Nan take mutumin ya sanar wa fili duka cewa ga wani tsohon soja daga Zuru da ya shigo sana'ar mata ya nuna musu yadda ake yi. Aka yi tafi. Madam Nkechi ta fara cire ɗan kunne tana miƙa wa Beatrice, tana shirin faɗa. Saloma ta riƙe ta. Ta buɗe jaka ta ciro curin yumɓu, ta ɗora kan tebur, ta rusuna wa baƙi.

"Ranku ya daɗe, bari ya nuna muku."

Gumi ya karyo wa Abel. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu a ruwa, ya kama yumɓu. Ya juya, ya juya. Hannu dai abin da ya sani shi yake yi. Can sai ga malmalar tuwo, sumul, ba ƙulli ba tsaga, irin wadda ta ciyar da bataliya. Ya ajiye. Ya rasa abin yi, ya gutsuro wani yumɓun ya sake yin wata. Daga bayan taro wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ina miyar?"

Filin ya ɗauki dariya. Saloma ta ɗauki malmala ɗaya, ta danna da babban yatsa nan, ta ja can, ta murɗa sama. Kafin dariya ta lafa, ga kan mai gabatarwa da doguwar hularsa, baki a buɗe. Ta miƙa masa. Matan Zuru suka rangaɗa guɗa, na Argungu da na Yawuri suka taya su. Abel ya buga ƙafa ya sara mata, sarawar da bai taɓa yi wa wani hafsa irinta ba, ya karɓi lasifika ya ce, "Ni haƙo yumɓu ne nawa, da girki. A girkin kuwa ban da na biyu."

Da aka zo raba kyaututtukan baje kolin, Saloma ce ta zo ta ɗaya. Kyautar da aka ba maginiyar tukwane ita ce manyan robobin ruwa, shuɗi da kore. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. A cikinsu ake jiƙa yumɓu har yau.

Bayan dawowarsu 'yan mata suka fara zuwa koyo, har da Sa'adiya, matar wani ɗan kabu-kabu, wadda ta ce ita ba ta yin sura amma randunanta masu zanen ganye sun kai kasuwar Dirin Daji. Abel ya kafa rumfar tuwo kusa da tasha, direbobi na layi.

A farkon daminar 2009 Saloma ta ce lokaci ya yi da Kaka za ta koma gida. Aka juye dawar, aka rarraba surar kashi-kashi, matan zumunta suka ɗauka a ka suka hau dutse suna waƙa. Abel ne ya ɗauki kan a cikin babban daro. Kawu ya fito da sanda yana cewa ba a taɓa yi ba, amma ya biyo su har maƙabarta. Aka harhaɗa ta a gefen tukunyar nan, Saloma ta ce kar a cire tukunyar, ita ma aikin Kaka ce. Tsohon ya daɗe yana kallon fuskar uwarsa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "A gefen hagu na baki take riƙe lofe, ba a dama ba." Ya juya musu baya yana jan majina.

Suna gangarowa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mata suka tattare zane suka ruga. Abel ya kifa daro a ka, santsi ya kwashe shi, daron ya riga shi faɗuwa, ya faɗa ciki daɓas. Haka ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, zaune cikin daro, ƙafafu a sama, yana ihu a ba shi hanya, har sai da wata gonar rogo ta tare shi. Saloma ta yi dariya har ta zauna cikin taɓo. Tana dafa ƙasa za ta tashi, sai ta tsaya. Ta murza taɓon tsakanin yatsu, ta shinshina, ta ɗan ɗanɗana da harshe. Yumɓu ne mai kyau. Ta kwance ɗankwali ta shimfiɗa, ta fara ɗiba, ruwa na dukanta, tana ƙwala wa Abel kira ya hawo mata da daron.